Matsayin Kuɗin Diyyar Naƙasa a Lissafin Ciyar da Mata da 'Ya'ya

JOS — A unguwar Dutse Uku da ke Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa, yawancin magidanta da ƙarfin jikinsu suke ciyar da iyali. Akwai masu yankan itace a kasuwar Katako, da makanikai na Dilimi, da 'yan dako na Farin Gada, da direbobi, da magina, da leburorin masana'antu. Ranar da inji ya datse hannun ɗayansu, ko haɗarin mota ya taɓa masa ƙashin baya, albashi yakan tsaya, amma bukatun gida ba sa tsayawa. Idan kuwa aure ya riga ya mutu, kotu kuma ta yanka masa abin da zai riƙa bayarwa duk wata domin 'ya'yansa, sai tambaya ta taso: shin kuɗin diyyar da ake biyansa saboda naƙasa yana cikin abin da alƙali zai lissafa, ko kuwa nasa ne shi kaɗai?

Amsar a taƙaice ita ce, kuɗin da aka biya domin ya maye gurbin albashi ana ɗaukarsa a matsayin abin hannun mutum, kuma iyalinsa suna da hakki a cikinsa. Kuɗin da aka ware domin magani, ko sandar dogarawa, ko ƙafar roba, yana da wata manufa dabam. Sa'an nan kuma lissafa kuɗi a gaban alƙali abu ne guda, tsare shi tun daga hannun mai biya wani abu ne. Wannan bayani ya shafi 'yan kasuwa ta fuska biyu, domin su ne masu ɗaukar ma'aikata, su ne kuma ake kira su ba da shaidar albashi idan magana ta kai kotu.

Inda kuɗin yake fitowa

Kafin shekarar 2010, dokar da ke aiki ita ce Dokar Diyyar Ma'aikata ta 1987. A ƙarƙashinta mai kamfani ne ke biya, kuma a dunƙule. Wanda ya naƙasa gaba ɗaya har abada yana samun albashin watanni 54, iyalan wanda ya rasu kuma suna samun na watanni 42. Idan naƙasar ta kai ga mutum ba ya iya rayuwa sai da mai taimaka masa kullum, ana ƙara masa kashi ɗaya bisa huɗu na wannan adadi. Tun a wancan lokaci ke nan doka ta bambanta kuɗin da ke madadin albashi da kuɗin da ke biyan ɗawainiyar naƙasa.

A watan Disamba na 2010 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a sabuwar Dokar Diyyar Ma'aikata, wadda ta soke ta 1987. An ɗora alhakin gudanar da ita a kan hukumar NSITF, watau asusun inshorar ma'aikata da aka kafa a 1993. Yanzu mai kamfani yana zuba kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashin da yake biya duk wata a cikin asusun, kuma doka ta hana shi cire wannan kuɗi daga albashin ma'aikaci. Dokar ta haɗa da ma'aikatan gwamnati da na kamfanoni, da masu aikin wucin gadi da masu koyon sana'a, amma ban da sojoji.

Bisa sashe na 21, wanda ya naƙasa gaba ɗaya har abada yana da hakkin kashi 90 cikin ɗari na albashinsa duk wata. Bisa sashe na 22, wanda naƙasarsa ta rage masa ƙarfin nema kawai yana samun kashi 90 cikin ɗari na abin da aka ƙiyasta ya yi asara a albashi. Ga wanda bai kai shekara 55 ba lokacin da ya ji rauni, biyan yakan ci gaba har ya kai wannan shekara, ko lokacin da hukumar ta gamsu cewa da zai yi ritaya. Sashe na 26 kuma ya ba hukumar ikon ɗaukar nauyin asibiti, da magani, da sufuri, da sanduna da gaɓoɓin roba, ban da diyyar wata-wata.

Hanya ta biyu ita ce fansho. Dokar Gyaran Fansho ta 2014 ta wajabta wa mai kamfani ya zuba kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci kuma kashi 8. A ƙa'ida ba a taɓa asusun sai an kai shekara 50, amma wanda likita ko kwamitin likitoci ya tabbatar ba zai iya ci gaba da aiki ba, yana iya fara karɓa kafin nan.

Hanya ta uku ita ce tallafi. Dokar hana nuna bambanci ga naƙasassu, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairu na 2019, ta tanadi kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki a ma'aikatun gwamnati, ta kuma kafa hukuma ta ƙasa, amma ba ta yanka wa kowa alawus na wata-wata ba. Jihar Jigawa ce ta yi suna da irin wannan alawus, inda a 2007, zamanin Gwamna Sule Lamido, ta fara biyan naƙasassu naira 7,000 a wata.

Ya kamata a lura cewa mai sana'ar kansa, kamar mai shago ko mai tura baro, wanda ba shi da uban gida da ke zuba masa kuɗi a asusu, yawanci ba ya cikin hanyoyi biyu na farko. Haka nan waɗanda rikice-rikicen Jos na 2008 da 2010 suka naƙasa a gidajensu, domin diyyar NSITF ta raunin da ya faru ne a bakin aiki, ko a kan hanya tsakanin wurin aiki da gida. Irin waɗannan mutane abin da ke shigo musu shi ne gudummawar dangi da ƙungiyoyin sana'a, wanda ba shi da tsayayyen adadi.

Unguwa ɗaya, dokoki uku

Dutse Uku unguwa ce da ta haɗa Musulmi da Kirista, Hausawa da Afizere da sauran ƙabilu. Saboda haka maƙwabta biyu da suka ji rauni iri ɗaya suna iya samun kansu a gaban kotuna dabam-dabam, bisa irin auren da kowannensu ya ɗaura.

Auren Musulunci yana zuwa gaban kotun yanki, irin babbar kotun yanki da ke Kasuwan Nama, daga nan kuma a ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Jihar Filato. Sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ba wannan kotu hurumi a kan aure, da saki, da riƙon yara, har ma da ciyar da Musulmin da ke da rauni a jiki ko a hankali. Hukuncin da ake bi shi ne na mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala da Muhtasar na Halilu da Tuhfatul Hukkam.

A wannan mazhaba ciyar da mata wajibi ne a kan miji, ana kuma auna shi da halin miji da matsayin matar da kuma al'adar gari. Asalin wannan yana cikin aya ta 7 ta Suratu Ɗalaƙ, wadda ta rataya ciyarwa a kan gwargwadon wadatar mutum. Malamai ba su taƙaita wadata ga albashi ba. Duk dukiyar halal da mutum ya mallaka, ta gado ce ko ta kyauta ko ta diyya, tana cikin abin da ake dubawa. Matar da aka saka saki na kome tana da ciyarwa har ta gama idda. Wadda aka saka saki na yankewa tana da wurin zama, ba ta da ciyarwa sai idan tana da ciki. Bayan idda babu sauran ciyarwa ga matar, amma ta 'ya'ya tana nan a wuyan uba ko da suna hannun uwarsu: namiji har ya balaga yana iya neman na kansa, mace har ta tare a ɗakin mijinta.

Malikiyya sun kuma yi tanadi ga wanda ya talauce. Idan ta tabbata miji ba shi da komai, ciyarwa tana faɗuwa daga kansa a tsawon lokacin, ba ta zama bashi. Sai dai matar tana da ikon kai ƙara, alƙali ya ba mijin wa'adi, idan ya kasa a raba auren. Abin lura a nan shi ne, naƙasa kaɗai ba ita ce talauci ba. Mutumin da ke karɓar kashi 90 cikin ɗari na albashinsa ba zai ce wa alƙali ba shi da hali ba.

Auren rajista, wanda aka ɗaura a ƙarƙashin Dokar Aure, yana zuwa Babbar Kotun Jiha, ana kuma hukunta shi da Dokar Shari'o'in Aure ta 1970. Sashe na 70 ya umurci kotu ta dubi abin hannun kowane ɓangare, da ƙarfinsa na nema, da halayensa, da duk wani yanayi da ya shafi lamarin. A nan miji ko mata kowa yana iya neman ciyarwa daga ɗan'uwansa, har bayan rabuwa. Ma'ana, mijin da ya naƙasa yana iya zama mai nema, idan matar ce ke da albashi. Kuɗin diyya kuwa yana shiga lissafi ta kowane ɓangare: yana ƙara ƙarfin mai biya, yana kuma rage bukatar mai karɓa.

Auren gargajiya yana bin al'adar ƙabilar da abin ya shafa, ana kuma ɗaukaka ƙararsa zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Al'ada. A galibin al'adu nauyin 'ya'ya yana kan uba, amma ba a san ciyar da tsohuwar mata ba. Ban da waɗannan uku, akwai Dokar Hakkin Yara ta 2003, wadda Jihar Filato ta kafa irinta a 2005. Ta ba kowane yaro hakkin kulawa daga iyayensa gwargwadon abin hannunsu, ko da wane irin aure aka yi, ko ma ba a yi ba.

Duk da bambancinsu, waɗannan dokoki sun haɗu a wuri guda. Babu wadda ta ce albashi kaɗai ake lissafawa, babu kuma wadda ta yanka wani kaso tsayayye. Abin da ake nema shi ne ainihin halin mutum, sauran kuma yana ga hangen alƙali.

Yadda lissafin yake

A ɗauka, alal misali, wani magidanci a Dutse Uku yana aiki a injin yankan katako, albashinsa naira 100,000 a wata. Ya rabu da matarsa, kotu ta yanka masa naira 30,000 a wata domin 'ya'ya uku. Daga baya inji ya naƙasa shi gaba ɗaya. Idan uban gidansa yana zuba kuɗi a asusun NSITF, kuma an kai rahoto a kan lokaci, diyyarsa za ta zama naira 90,000 a wata.

Tsohuwar matar za ta ce abin da ya ragu naira 10,000 ne kacal, saboda haka babu dalilin rage kuɗin yara. Shi kuma zai ce kuɗin na hannunsa ne da ya rasa, ba na kowa ba. Kowannensu ya kama ɓangare ɗaya ne na gaskiya. Naira 90,000 ɗin an auna ta ne da albashi, kuma da albashin ake ciyar da yaran, don haka madadinsa ma yana ɗauke da wannan nauyi. Amma idan mutumin ya nuna da rasit cewa yana kashe naira 20,000 duk wata a kan magani da mai kula da shi da kuɗin keke zuwa asibiti, waɗanda hukumar ba ta ɗauka ba, to abin da ya rage a hannunsa naira 70,000 ne. Alƙalin da ya ga dacewar barin kason yadda yake a da, watau kashi 30 cikin ɗari, zai sauko da kuɗin zuwa naira 21,000. Wani alƙalin yana iya tsayawa sama da haka idan ya dubi kuɗin makarantar yaran.

Idan kuwa naƙasar ba ta gaba ɗaya ba ce, mutumin ya koma aikin gadi a kan naira 40,000, to asararsa naira 60,000 ce, diyyarsa kuma naira 54,000. Jimillar abin da ke shigo masa ta zama naira 94,000. A nan kotu za ta haɗa biyun, ba za ta dubi albashin gadi kaɗai ba.

Kuɗin da aka biya a dunƙule ya fi wuyar sha'ani. Albashin watanni 54 yana da yawa a ido ranar da aka karɓe shi, amma abincin shekara huɗu da rabi ne kawai ga mutumin da wataƙila ba zai sake aiki ba. Hanyar da ta fi adalci ita ce a ɗauke shi a matsayin jari, a dubi abin da zai iya haifarwa duk wata idan an sa shi a shago ko an sayi keken haya, ko kuma a ware wani kaso domin karatun yara tun kafin ya narke.

Naƙasa tana iya kasancewa a ɓangaren yaro. A Malikiyya ɗan da ya balaga yana makaho ko gurgu, ba ya iya nema, ciyar da shi ba ta sauka daga kan ubansa. Dokar 1970 ma, wadda ta tsayar da ciyarwa a shekara 21, ta bar ƙofa ga yanayi na musamman.

Lissafawa dabam, tsarewa dabam

Sashe na 15 na dokar 2010 ya hana a jinginar da kuɗin diyya, ko a mayar da shi ga wani, ko a tsare shi saboda bashi. Wasu suna ɗaukar wannan a matsayin kariya daga ciyarwa. Ba haka ba ne. Abin da sashen ya kare shi ne kuɗin yayin da yake kan hanyarsa daga asusu zuwa ga mai shi. Bai hana alƙali ya tambayi mutum nawa yake karɓa ba, bai kuma ɗauke masa wajibcin bin umurnin kotu ba. Albashi kuwa, Dokar 1970 ta yarda kotu ta umurci mai kamfani ya riƙa cire kuɗin ciyarwa daga cikinsa kai tsaye.

Ƙasashen da suka daɗe da tsarin tallafi sun bi wannan rabe-rabe. A Amurka akwai SSDI, wanda ma'aikaci ke samu saboda harajin da ya zuba lokacin da yake aiki. Ana lissafa shi, ana kuma iya tsare wani kaso nasa domin 'ya'ya ko tsohuwar mata. Akwai kuma SSI, tallafin marasa hali, wanda ba a tsarewa. A 1987, a shari'ar Rose da Rose, Kotun Ƙoli ta ƙasar ta yanke cewa kotun jiha tana da ikon tilasta wa tsohon soja ya biya kuɗin 'ya'yansa, ko da yake kusan duk abin da yake samu kuɗin naƙasa ne, domin an tanadi kuɗin ne saboda shi da iyalinsa. A Ingila ba a lissafa alawus ɗin da ake biya domin ɗawainiyar naƙasa, amma uban da ke karɓar tallafin da ke madadin albashi yana biyan fam 7 a mako. A Kanada, ƙa'idojin tarayya na 1997 sun ba kotu damar ɗaga adadin kuɗin da ba a cire masa haraji, domin a daidaita shi da albashin da ake cire wa.

Idan aka auna da wannan ma'auni, diyyar NSITF da fanshon rashin lafiya suna ɓangaren albashi. Alawus irin na Jigawa, da zakka, da gudummawar ƙungiya, suna ɓangaren tallafi, wanda da ƙyar yake isar mai shi.

Abin da ya rataya a wuyan mai kamfani

Doka ta ba ma'aikaci ko iyalinsa kwana 14 su sanar da uban gida cewa an ji rauni. Shi kuma yana da kwana 7 ya kai rahoto ga hukumar. Takardar neman diyya ana shigar da ita cikin shekara ɗaya. Mai kamfanin da ya yi sakaci da rajista ko da rahoto, ba ma'aikacinsa kaɗai ya cutar ba, har da matan da yaran da ke ci daga wannan albashi. Idan ma'aikacin ya rasu, dokar ta ba matar da ke da 'ya'ya biyu ko fiye kashi 90 cikin ɗari na albashinsa duk wata, mai ɗa ɗaya kuma kashi 85.

Na biyu, a riƙe littafin albashi da gaskiya. Da shi ake auna diyya, da shi kuma alƙali yake auna ciyarwa. Wanda ya rubuta ƙasa da abin da yake biya domin ya rage kashi 1 cikin ɗari, ya rage wa yaronsa diyya ta shekaru.

Na uku, duk abin da mai kamfani ya ba ma'aikacin da ya naƙasa daga aljihunsa, ya rubuta dalilinsa: wannan na asibiti ne, wannan na sallama ne, wannan kyauta ce. Takarda guda irin wannan takan raba gardamar da shaidu biyar ba za su raba ba.

Na huɗu, kada ya cire ko kwabo daga albashin ma'aikaci don tsohuwar matarsa ko surukansa sun zo shago sun yi kuka. Dokar Ƙwadago ta hana cire kuɗi daga albashi sai ta hanyar da doka ta yarda. Umurnin kotu a rubuce shi ne hujja.

Shi kuma magidancin da ya naƙasa, umurnin da kotu ta ba shi tun yana da lafiya yana nan daram har sai kotu ta sauya shi. Idan ya daina biya da kansa, ana iya tuhumarsa da saɓa wa kotu, abin da bai biya ba kuma ya taru a kansa. Abin da ya kamace shi shi ne ya koma gaban alƙalin da ya yanke hukuncin tun da wuri, riƙe da takardar likita, da takardar da ke nuna adadin diyyarsa, da rasit na magani, ya nemi a sake duba adadin. Haka ita ma uwar yaran, idan ta ji an fara biyan diyya bayan an rage mata kuɗi, tana da ikon komawa ta nemi a ƙara.